Kit ɗin bindigar toka ta Kentucky: abinda na gani bayan na haɗa ta da hannuna

Jama'a barkanmu da warhaka. Masu tambayata akan kit ɗin bindigar tokan nan da na haɗa, ko ya ci kuɗinsa ko bai ci ba, ga amsata tsakani da Allah. Bututun yana da kyau ƙwarai, makunnin ba yabo ba fallasa, katakon sai a hankali, takardar bayanin da suka sako a kwalin kuwa gaskiya bata kai ta kawo ba. Duk da haka nace a saya, amma sai mutum ya san me yake saya, domin abinda ke cikin kwalin nan aiki ne, aikin hannu na makonni, wanda yake tunanin zai ɗaure sukuru guda biyar da safe ya rataya bindiga a kafaɗa da yamma toh ya haƙura tun yanzu.

Ga wanda bai san harkar ba, bindiga ce irin ta da, wadda ake ɗura mata albarushi ta baki, a ɗora ƙyalle da dunƙulen dalma a tura da sanda, harbi ɗaya sai ka sake ɗuri. A nan Amurka mutane da yawa sun maida ita abin sha'awa, kamfanoni suna sayar da ita a warwatse cikin kwali, bututu daban, ƙota daban, makunni da kunama da kayan tagulla duk a leda, kai zaka fere ka goge ka shafa mai ka haɗa. Wanda na saya na masu araha ne, irin wanda ake ƙerawa a Turai a shigo da shi, ɗaruruwan dala kaɗan, kaliba 50 (wato faɗin ramin bututun rabin inci ne), mai hula. Wato ba mai ƙanƙara ba. Mai ƙanƙara ita ce tsohuwa, tun farkon shekarun 1600 aka daidaita ta a Faransa, dutse ne ke ƙyasta ƙarfe tartsatsi ya faɗa kan ɗan albarushi a kasko. Mai hula kuwa ta biyo bayan aikin wani limamin coci ɗan Scotland, Alexander Forsyth, wanda ya yi rajistar dabararsa a 1807, daga baya aka samu 'yar hular tagullar nan da ake kifawa a kan nonon bindiga guduma ta doke ta. Na zaɓi mai hula ne saboda a kit mai araha makunnin ƙanƙara shine wurin da aka fi samun matsala, in ƙarfen da dutse ke karta bai sha wuta yadda ya kamata ba tartsatsin baya fita da kyau, ita kuwa hula bata da wannan rigimar.

Maganar doka kafin komai, dan Allah kar a tsallake wannan. A dokar tarayyar Amurka ta 1968, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, da kwaikwayonta mai ƙanƙara ko mai hula, ba'a sa su cikin waɗanda sai ka bi ta hannun dila mai lasisi, shi yasa a yawancin jihohi ɗan aike ne kawai zai ajiye maka kwalin a ƙofar gida. Amma kowace jiha da nata, New Jersey da Illinois misali suna da ƙa'ida mai tsauri akanta, wata ƙasar kuma ko kusa baza'a barka ka taɓa ba sai da izini. Kowa ya binciki dokar inda yake zaune kafin yayi oda.

Toh bari in fara da abinda ya faranta min rai. Bututun. Mai gefe takwas ne, yana da nauyi a hannu, da na haska tocila ta baki naga tsagin ciki a fili, tsaf, babu gurzuwa babu tsatsa. Murɗin tsagin zagaye ɗaya ne cikin inci 66, wanda shine daidai da dunƙulen dalma zagayayye. Wannan lambar ku riƙa duba ta kafin ku saya, akwai mai 48 wanda yake tsaka-tsaki yana cin dunƙule yana cin dogon harsashi, akwai mai 28 wanda na dogon harsashi ne na zamani. Mai son harbi irin na mutanen da toh 66 ɗin nan ko kusa da ita yake nema. Waje kam bututun yazo da sawun injin a jikinsa, sai ka kama magagari da hannu biyu ka riƙa jan shi a tsaye gefe bayan gefe har layukan su ɓace, biyar ɗin da suke fitowa fili su ne dole, ukun da suke kwance cikin katako babu mai ganinsu. Aiki ne mai daɗi wallahi, kana ja kana ganin ƙarfe yana haske.

Katakon ne inda zan daɗe, domin anan ne kit ɗin ya nuna farashinsa, kuma anan ne duk darasin yake. Farko dai ƙotar gida biyu ce, an haɗa ta a tsakiya da wani faifan tagulla. Na gane dalili, gajeren katako yafi araha kuma yafi sauƙin shiga kwali, amma bindigogin asali ƙotarsu guda ɗaya ce tun daga gindi har baki, kuma duk wanda ya san harkar daga nesa zai hango wannan tagullar ya san kit ne. Wasu suna cire faifan su manne gidajen biyu da gam mai ƙarfi, ni dai na barshi na goge shi ya daidaita da katako, baya hana komai aiki. Na biyu, katakon wani fari ne na Turai da ake kira bic, yana da ƙarfi ba laifi, amma bashi da zane ko kaɗan kuma baya shan kala. Na uku kuma wanda yafi damuna, kaurinsa. Yadda yazo daga kwali kamar taɓarya, musamman gaban da ya rungume bututu da wuyan da hannu ke kamawa.

Abinda yasa wannan kaurin yake damuna sai an koma tarihin bindigar. Maƙeran Jamusawa ne da suka zauna a Pennsylvania, wajen Lancaster, a farkon shekarun 1700 suka zo da gajeriyar bindigar farautarsu mai kauri mai faɗin rami, a hankali suka tsawaita bututun suka rage ramin, saboda mutumin da zai shiga daji yayi wata da watanni dalma da albarushi guzuri ne, ƙaramin rami yana nufin harbi da yawa daga kaya kaɗan. Abinda ya fito daga hannunsu doguwa ce siririya, katakon gabanta siriri ƙwarai har kana mamakin yadda bai karye ba, ita ce daga baya aka riƙa kira Kentucky duk da cewa Pennsylvania ce mahaifarta. Duk kyanta a sirantakar nan yake. Kamfani kuwa ya bar maka katako da yawa, wataƙila don kar ya tsage a hanya, wataƙila don injinsu iya nan ya tsaya, amma a takardar bayani babu inda suka ce maka ka rage. Cewa kawai sukayi ka goge da sanfefa ka shafa mai. Shi yasa zakaga kit iri ɗaya a hannun mutum biyu, na ɗaya kamar na gidan tarihi na ɗayan kuma ƙato mara fasali. Shawarata ka nemi hotunan bindigogin asali ka ajiye a gabanka, ka kalli yadda gaban yake zagaye ya kwanta a jikin bututu, yadda katakon da ya kewaye makunni yake ɗan siririn baki, sannan ka ɗauki magagari ka fara ragewa kaɗan kaɗan kana juyawa kana kallo a haske. Abinda ka cire baya dawowa, amma kusan kowa tsoro ke sa shi ya tsaya da wuri.

Sai zaunar da ƙarfe cikin katako. A talla suna cewa an riga an fafe wuraren kusan duka, eh an fafe, amma babu wani ƙarfe ɗaya da ya shiga gurbinsa haka kawai. Dabarar da masu harkar suke yi ita ce ka kunna kyandir ka bar hayaƙin ya baƙanta ƙasan ƙarfen, ka danna shi a gurbi, ka ɗaga, duk inda baƙi ya taɓa katako nan kaɗai zaka kankare da 'yar kurfi mai kaifi, ka sake baƙantawa ka sake dannawa, haka haka har ya kwanta daram. Kuma akwai tsari, bututu da wutsiyarsa ne farko, sai makunni, sai kunama, domin makunni yana bin bututu ne, kunama kuma tana bin makunni. In ka fara da tagullar gindi saboda tafi burgewa zaka dawo baya. Abin lura babba shine bakin guduma ya sauka daidai tsakiyar nonon da ake kifa hula, in ya karkace hula bazata fashe kullum ba. A nawa sai da na ɗan matsar da bututun baya kafin suka haɗu, wannan ma takardar bata ambata ba ko da kalma ɗaya. Hakanan huda ramukan ƙusoshin da suke riƙe bututu, wuri ne da hannu ke rawa, ka auna ka sake aunawa, ka fara da siririn bakin huji.

Makunnin kansa yana aiki. Sifirin ɗinsa irin naɗaɗɗen nan ne na zamani a ɓoye a ciki, daga waje babu mai gani. Cikinsa yazo da ɗan kaushi, kunamar tana da nauyin ja, na goge wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe nasa mai ya ɗan yi laushi. Amma ina roƙon duk sabon shiga kar ya sa magagari a haƙoran da suke riƙe guduma, wurin nan in ka canza masa kusurwa bindiga zata iya tashi da kanta. Kafin ka kai ta fili ka ɗana gudumar rabi ka ja kunama da ɗan ƙarfi ka tabbata bata saki ba, ka ɗana ta duka ka tura ta da yatsa ka tabbata ta tsaya.

Kayan tagulla, wato murfin gindi da garkuwar kunama da bututan da sandar ɗuri ke shiga da hular baki, zubi ne, sunzo da gurje-gurje da layin zubi. Magagari, sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, shikenan suna fitowa fes. Sukurorin ne basu da kwaliti, masu laushi ne, in sukundirebanka bai cika bakin tsagin ba nan take kan yake lalacewa. Ka huda musu hanya tukuna ka shafa musu ɗan sabulu ko kakin zuma. Sandar ɗurin da tazo ciki ita ma ta ado ce kawai a ganina, siririya, bana yarda da ita wurin tura dalma mai tauri domin in ta karye a tafin hannu zata shige. Na sayi ta ƙarfe daban don fili.

Wurin kala kuwa, araha bata ado. Bic in ka shafa masa kalar katako mai mai ta shago sai ya fito dabbare-dabbare, wani wuri ya sha wani wuri ya ƙi. Abinda yake kama shi shine rini mai sifirit, irin wanda ake rina fata da shi, shafi bayan shafi har ya kai duhun da kake so. Kafin rini ka jiƙa katakon da ɗan ruwa ka barshi ya bushe, gashinsa zai miƙe, ka goge da sanfefa mai lamba 320, ka maimaita har ya daina tashi. Masu katakon mapul mai zanen damisa su ne suke morewa, ruwan ƙarfe da asid suke shafawa ya koma wani toka-toka mai kore, su kara masa zafi nan take ya juye ja mai duhu zanen ya fito kamar yana motsi, na gani a hannun wani dattijo a filin harbi na daɗe ina kallo. Bic bazai taɓa baka wannan ba ko me ka shafa masa. Bayan rini sai man linsid dafaffe, ɗigo kaɗan a tafin hannu ka murza har ya ɗumama, ka ajiye ya bushe sosai kafin ka ƙara, masu gaggawa suna amfani da Tru-Oil yafi saurin bushewa amma yafi ƙyalli. Gargaɗi ɗaya da nake so kowa ya riƙe, tsumman da ya sha man linsid in ka dunƙule shi ka jefa a kwandon shara yana iya kama wuta da kansa, ka baza shi a waje ko ka tsoma a ruwa.

Bututun na yi masa ruwan ƙasa irin na da, wato tsatsa ce ake sawa da gangan. Ka toshe bakin da nonon, ka wanke maiƙo tas kar ko yatsa ya taɓa, ka shafa ruwan maganin siriri, ka rataye a wuri mai danshi, in tsatsa ta fito ka goge ta sama da tsumma mai kaushi ka sake shafawa, har kalar ta zauna ko'ina iri ɗaya, sannan ka kashe ta da ruwan bekin soda ka shafe da mai. Wannan matakin yafi kowanne bani sha'awa, kuma shine ya rufa wa kit ɗin asiri, domin ƙarfe mai ruwan ƙasa kusa da tagulla mai haske ko a kan katako mara zane yana da kwarjini.

Ku sa a lissafi cewa kuɗin kwali ba shine ƙarshe ba. Magagari kala biyu ko uku, kurfi ƙanana, dutsen wasa su, abin matse aiki a tebur, sanfefa, rini, mai, ruwan tsatsa, sannan kayan harbi, ma'aunin albarushi, dalma, ƙyalle, huluna masu lamba 11, 'yar sandar fara tura dalma, kayan wanki. In baka da ko ɗaya a gida abin zai iya kusan kamo rabin kuɗin kit ɗin. Wanda yake son ya rage kuɗi ne kawai gara ya sayi haɗaɗɗiya, bambancin bashi da yawa.

A fili kuwa bindigar ta fidda ni kunya. Kaliba 50 tana cin dunƙule mai faɗin inci 0.490 da ƙyalle mai kaurin kusan 0.015 wanda aka shafa wa mai, ƙyallen ne yake kama tsagi ya juya dalmar. Na fara da albarushi kaɗan kamar yadda aka saba, wajen giren 50 (giren shine ɗan awon da ake auna albarushi da shi), ina ƙarawa a hankali ba tare da na wuce iyakar da kamfani ya rubuta ba. A yadi 50 tana tara harbi wuri ɗaya yadda tafin hannu zai rufe, kuma na tabbata mai ido da hannu fiye da nawa zai matse fiye da haka. Da farko tana bugawa ƙasa, wannan da gangan ne, saitin gaba suna barinsa da tsawo don ka rage shi da magagari har ya hau inda kake so. Turinta a kafaɗa mai laushi ne, ga farin hayaƙi ya turnuƙe ga warin farar wuta, sai ka jira iska ta yaye kafin kaga inda ka samu. Wanda ya saba da bindigar zamani zai ga abin da jinkiri, ni kuwa jinkirin nan nake so, kowane harbi sai ka auna ka zuba ka tura ka natsu.

Nan ma akwai abubuwan da ba'a wasa da su. Albarushin zamani mara hayaƙi ko ƙwaya ɗaya kar ya shiga wannan bututun, fasa shi zaiyi a fuskarka. Baƙin albarushi na asali kawai, mai lamba FFg ko FFFg (lambar girman ƙwayarsa ce), ko madadinsa irin su Pyrodex wanda yafi sauƙin samu a shago kuma yana tashi da hula lafiya, ko da yake masu ƙanƙara basa jin daɗinsa saboda yana da wuyar kamawa. Kar ka zuba daga ƙaho ko gwangwani kai tsaye cikin baki, ka zuba a ma'auni tukuna, domin in akwai sauran garwashi a ciki abinda ke hannunka duka zai tashi. Dalma ta zauna kan albarushi daram babu sarari a tsakani, ka yi wa sandarka alama don ka riƙa gane ko akwai ɗuri a ciki. In ka ja hula ta fashe bata tashi ba, ka ci gaba da nuna bakin inda ake harbi ka jira, wani lokacin tana makara. Tabarau da abin toshe kunne dole.

Wanki kuma ranar da kayi harbi ranar zaka wanke, babu sai gobe. Dattin baƙin albarushi yana jan danshi yana cin ƙarfe, ruwa ne maganinsa, ruwa da ɗan sabulu, ka busar ka shafa mai. Anan ne na gane wani abu da ya kamata sabon shiga ya sani kafin ya zaɓa. Kentucky bututunta da ƙusoshi aka kafe shi, ba'a cika cirewa ba, a jikin katako zaka wanke kana kaffa-kaffa da ruwa. Samfurin Hawken kuwa, wanda aka kwaikwayo daga bindigar 'yan uwan nan Jacob da Samuel Hawken na St. Louis, rabin ƙota ce, ka zare ƙusa ɗaya mai faɗi bututu ya fito ka tsoma gindinsa a bokiti. Wanda wanki ke bashi wahala ya duba wannan, katakonta ma bai kai yawan na Kentucky ba don haka aikin fira yafi sauƙi.

Mai kuɗi a hannu kuma wanda yake son abu mai kama da na asali tun daga farko, akwai kit ɗin Jim Kibler na Ohio wanda injin kwamfuta ke fafewa, kayan kusan faɗawa suke a gurbinsu, ƙota guda ɗaya, mapul ko walnat ko ceri, amma ka shirya sama da dala 1000. Jim Chambers ya yi suna wurin makunnin ƙanƙara, Track of the Wolf a Minnesota da Dixie Gun Works a Tennessee kuma nan ake samun kayan gyara da tarkacen harkar. Duk da haka bana ba wanda bai taɓa riƙe kurfi ba shawara ya fara da katako mai tsada, hannu yana buƙatar inda zai koya ba tare da zuciya tana bugawa ba, kuma wannan kit mai arahan ya bada wannan damar, ga bututu mai kyau a sama. In kana kusa da wata ƙungiyar masu bindigar toka ka je, babbarsu NMLRA tun 1933 take, filinta yana Friendship a Indiana, kuma dattawan harkar nan basa rowar sani, ka nuna musu aikinka zasu juya shi a hannu su nuna maka inda katako ya rage ka cire.

In da zan aika wa kamfanin saƙo abu biyu zan roƙa, su sa hoton yadda ƙota ya kamata ta kasance bayan an fere ta a cikin takardar bayani, su kuma canza sukurorin nan ko da zasu ƙara dala biyar. Ni dai na gaba mai ƙanƙara zanyi oda, ƙaramin kaliba, 40 ko 45, katakon mapul guda ɗaya, na riga na fara tara kuɗin.